Riƙe Hannun Ɗanka Tun Kafin Titi Ya Riƙe Maka Shi

Duk wanda ya taɓa bi ta Titin Gidan Zoo da ke birnin Kano a kwanakin Sallah, ƙarama ko babba, ya san irin cunkoson yaran da ake yi a ƙofar gidan namun dajin nan mai ɗauke da sunan marigayi Audu Bako, gwamnan farko na jihar Kano, wanda aka kafa gidan a zamaninsa. Yara ne sanye da sababbin kaya, wasu a kafaɗa, wasu a goye, wasu suna jan hannun manya saboda ɗokin ganin zaki da kura da jimina. Abin sha'awa ne ƙwarai, kuma ba mu ga laifinsa ba. Sai dai duk lokacin da muka tsaya muka dubi layin da kyau, abu guda yakan dame mu: iyaye mata ne da yayye da 'yan aiki suka fi yawa. Iyaye maza ƙalilan ne. A cikin ƙalilan ɗin ma, da yawa idonsu na kan waya, yaro yana jan gefen riga yana tambaya, amsar da yake samu ita ce ya yi shiru ya wuce gaba.

Wani zai ce me ya haɗa shafin al'amuran addini da gidan namun daji da makarantar naziri, alhali ga matsalar tsaro, ga tsadar rayuwa, ga rikicin aƙida? Amsarmu ita ce, yaran da muke kuka da su a yau, masu ƙwacen waya da faɗan daba da shaye-shaye, ba daga sama suka faɗo ba. Kowane ɗayansu ya taɓa zama ɗan shekara huɗu mai yawan tambaya, mai son a ɗaga shi sama ya ga abin da ke bayan katanga. A waɗannan shekarun ne ake yin mutum ko a rasa shi, kuma Hausawa sun riga sun faɗa cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka maganar yadda uba yake zama da ƙananan 'ya'yansa maza magana ce ta amana, kuma amana tana cikin abin da za a yi wa bawa tambaya a kansa ranar gobe ƙiyama.

Da yawa daga cikinmu mun taso da fahimtar cewa aikin uba shi ne cefane da kuɗin makaranta da ɗinkin Sallah, sauran kuwa na uwa ne. Muka haɗa wannan da al'adar kunyar ɗan fari, wadda takan hana mutum kiran sunan ɗansa ko ɗaukarsa a gaban jama'a, har abin ya zarce ya shafi sauran 'ya'yan. Kara da kunya halaye ne masu kyau a wurinsu, kuma ba mu zo rushe su ba. Amma idan kunya ta kai uba ga zama baƙo a gidansa, yara su watse da zarar sun ji sallamarsa, to ta fita daga abin yabo. Ciyarwa wajibi ce, tarbiyya ma wajibi ce, kuma sauke ɗaya ba ya ɗauke ɗayar.

Mu dubi yadda fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zauna da ƙananan yara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, wani babban mutum daga Banu Tamim. Aƙra'u ya yi mamaki, ya ce 'ya'yansa goma amma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Manzon Allah bai yaba masa a kan wannan dattakon da yake taƙama da shi ba, sai ya gargaɗe shi cewa rashin jin ƙai yana jawo wa mai shi rasa jin ƙai. A ruwayar Nasa'i, ɗaya daga cikin jikokinsa ya hau bayansa yana cikin sujada yana jan jam'i, ya tsawaita sujadar har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, alhali ba ya son ya katse wa yaron jin daɗinsa ne. An kuma ruwaito cewa ya sauko daga mumbari yana tsakiyar huɗuba don ya ɗauki Hasan da Husaini da ya gani suna tahowa suna tuntuɓe. Wannan shugaban al'umma ne, mai karɓar wahayi, mai jagorantar runduna. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi shi yawan aiki ko ya fi shi kwarjini?

Ziyarar gidan namun daji ɗaya ce daga cikin ƙananan damarmakin da uba yake da su na bin wannan sunna, kuma tana da fa'idar da ta wuce yawon buɗe ido. Alƙur'ani mai girma ya sanya dabbobi cikin ayoyin da ake gane Mahalicci da su. Akwai surori da aka sanya musu sunayen saniya da dabbobin ni'ima da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Suratul Gashiya ta yi kira a dubi yadda aka halicci raƙumi, Suratul An'am kuma ta bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar yadda muke al'umma. Yaronmu na makarantar allo ko Islamiyya yana fara karatu ne daga ƙananan surori, don haka yakan haddace Suratul Fil tun bai san ko giwa ta fi akuya girma ba. Ranar da mahaifinsa ya tsaya da shi gaban wata babbar dabba, ya ce masa ya dubi ƙafarta da fatarta, sannan ya tambaye shi wanda ya yi ta, a ranar ce karatun allo yake haɗuwa da abin da ido ya gani. Gani kuwa ya kori ji.

Ba a buƙatar uba ya zama malami kafin ya yi wannan. Abin da ake buƙata shi ne ya durƙusa daidai tsawon yaron, ya saurari tambayarsa, ya amsa gwargwadon saninsa. Yaro zai tambayi dalilin da ya sa jimina take da fiffike amma ba ta tashi, da dalilin da ya sa kada yake kwance baki buɗe ba ya motsi, da ko kurar nan ita ce ta cikin tatsuniyar Gizo. Idan uban bai san amsa ba, ya ce bai sani ba, za su tambaya tare. Wannan ma darasi ne, domin yaron zai koyi cewa babban mutum yana iya cewa bai sani ba ba tare da girmansa ya zube ba. Malamanmu na farko sun ɗauki faɗin haka a matsayin wani yanki na ilimi.

Akwai kuma darasin tausayi, wanda muke ganin ana tafka asararsa a irin waɗannan wurare. Sau nawa muka ga yara maza suna jifan biri da dutse ko suna tsokanar dabba da kara ta tsakanin ƙarafa, manya suna gefe suna dariya suna ɗaukar hoto? Addinin da ya ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya kuma ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba zai yarda da wannan wasan ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta, da Manzon Allah ya ga yadda take kaɗa fiffike cikin damuwa sai ya umarce su da su mayar mata. Yaron da aka bari ya ji daɗin wahalar da dabbar da ba ta iya ramawa, gobe ƙaninsa zai gwada wa, jibi kuma wanda ya fi ƙarfi a unguwa. Hannun uba da ya riƙe hannun mai jifan, tare da kalma guda mai taushi, ya fi huɗuba goma amfani a wannan lokacin.

Labarin Abu Umair ya ishe mu misali a nan. Ƙanin Anas bin Malik ne, ƙaramin yaro mai wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah ya lura da fuskarsa, ya kira shi da alkunyarsa kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa cikin raha. Malamin nan na mazhabar Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya ciro fa'idodi kusan sittin daga wannan gajeren hadisi, kamar yadda Ibn Hajar ya kawo a sharhinsa na Bukhari. Mu kuwa fa'ida ɗaya muke so iyaye su riƙe: baƙin cikin yaro baƙin ciki ne na gaske, ko da a kan tsuntsu ne ko motar roba da ta karye. Uban da ya saba cewa namiji ba ya kuka a duk lokacin da ɗansa ya zo masa da damuwa, kada ya yi mamaki idan yaron ya kai shekara goma sha biyar ya daina kawo masa komai.

Sai batun makarantar naziri, wadda ta zama ruwan dare a biranenmu. Muna ganin alheri a cikinta, musamman inda ake haɗa karatun boko da na Alƙur'ani a hannun malamai masu haƙuri. Ranar da yaro ya fara riƙe fensir, ranar da ya rubuta harafin farko na sunansa, ranar da ya kawo Fatiha ba gyara, ranar da ya iya shiga bayi shi kaɗai ya yi tsarki, duk ranaku ne da suka cancanci uba ya sani ya kuma nuna farin cikinsa. Iyayenmu sun san darajar irin waɗannan matakai. Sun san ranar yaye, da ranar da aka kai yaro gaban malam da sabon allo, da lokacin da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru, kuma sukan yi sadaka don neman albarka. Sadakar ta waina ce ko gumba, malam ya yi addu'a, yara su ci su watse.

Abin da ya maye gurbin wannan a yau shi ne yake ba mu tsoro. An mayar da ƙarshen zangon naziri bikin yaye ɗalibai irin na jami'a, da doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, da kuɗin biki da na anko da na hoto, a kan yaron da bai gama sanin damansa da hagunsa ba. Uban da bai taɓa buɗe jakar makarantar ɗansa ba tsawon shekara, ranar ce zai zo ya zauna a gaba, a ɗauki hoto a watsa a Facebook da WhatsApp. Wanda ba shi da hali kuma ya ci bashi, don kada ɗansa ya zama shi kaɗai ne ba riga. Wannan almubazzaranci ne, kuma ƙofa ce ta riya da gasa. Muna kira ga masu makarantu, musamman masu ɗauke da sunan Musulunci, su ji tsoron Allah su sauƙaƙa. Taro ɗan ƙarami da addu'a da kyautar littafi ya wadatar.

Mafi muni daga kuɗin shi ne gasar da ake sa yaran a ciki. Ana ba ɗan shekara uku aikin gida shafi-shafi, ana jera 'yan naziri daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, uba ya karɓi sakamako ya hau faɗa don ɗan maƙwabci ya fi nasa. Alhali kowa ya san yara ba sa tafiya da ƙafa ɗaya: wani yakan yi magana da wuri, wani ya jinkirta, wani ya riga iya ƙirga, wani ya riga iya hawa keke. Shari'a da kanta ba ta nemi a umarci yaro da salla ba sai ya kai shekara bakwai, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud, ga shi kuwa salla ita ce ginshiƙin addini. Idan Mahaliccin yaron ya yi masa wannan rangwame a kan haƙƙinSa, da wane dalili za mu tsananta masa a kan rubutun haruffa yana ɗan shekara huɗu? Idan jinkirin ya yi yawa, kamar yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi ko ya daɗe bai fara magana ba, asibiti ake kai shi a duba ji da lafiyarsa. Ba zagi ko kwatanta shi da wani ne maganin ba.

Ƙiriniyar yara maza kuma, wadda take sa iyaye da yawa ɗaukar bulala ko miƙa waya don a samu shiru, yawancinta alamar lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, da barcin awa 10 zuwa 13, kuma kada zamansa gaban allon waya ko talabijin ya wuce awa 1. Wanda bai kai shekara 2 ba kuwa ba a so a zaunar da shi gabansu sam. Yaron da aka kulle a ɗaki biyu yini guda dole ya hau kujera ya fasa kofi. Malamanmu sun riga likitoci gane wannan. Imam Gazali ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa yana dushe masa basira ya sa ya tsani karatu. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a Muƙaddimarsa a kan illar tsanantawa ga masu koyo, inda ya nuna cewa tana koya wa yaro ƙarya da yaudara don ya kuɓuta daga duka. Sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke yi wa 'ya'yansu abin wasa da ulu don su ɗauke musu hankali daga yunwa lokacin koya musu azumi. Da dabara aka yi tarbiyyar magabata.

Kada kuma wani ya zaci yaro ƙarami ba ya riƙe abin da aka yi masa. Mahmud bin Rabi'u ya rayu yana ba da labarin ranar da Manzon Allah ya fesa masa ruwa a fuska da bakinsa cikin wasa, yana ɗan shekara biyar, kuma Bukhari ya kafa hujja da wannan a kan lokacin da ake karɓar ruwayar yaro. Umar bin Abi Salama ya tuna ranar da hannunsa yake yawo a cikin akushi, aka koya masa cikin taushi ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa, ya ce bai sake canza yadda yake cin abinci ba. Ɗanka ma yana rubuta nasa littafin a zuciyarsa. Zai tuna ranar da ka ɗora shi a wuya ya ga zaki, zai kuma tuna ranar da ka yi masa alkawarin fita ka saɓa.

Mun san abin da za a ce, kuma ba mu raina shi ba. Magidanci ya fita tun asuba, bai dawo ba sai bayan isha, abin da ya samo da ƙyar ya kai gobe. Ina kuɗin mota da na shiga gidan zoo ga yara biyar? Gaskiya ne, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai abin da muke kira gare shi ba tikiti ba ne, lokaci ne. Wanda yake kusa da gidan zoo na Kano, ko wurin shaƙatawa na Sanda Kyarimi a Maiduguri, ko gandun namun daji na Jos, ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, kuma yana da hali, ya kai su ko sau ɗaya a shekara. Wanda ba shi da hali, akwai kara ranar kasuwa inda yaro zai ga raƙumi da shanu kyauta, akwai gona da damina, akwai tafiya masallaci hannu cikin hannu, akwai cin tuwon dare a kwano ɗaya. Da yawa daga cikin masu cewa ba su da lokaci suna da awa biyu ta majalisa kowane dare da awa biyu ta kallon ƙwallo. A rage rabin awa daga ciki a kai gida.

Wajibi ne mu ƙara da gargaɗi ga mai mata fiye da ɗaya da wanda ya rabu da uwar 'ya'yansa. Fita da 'ya'yan ɗaki ɗaya a bar na ɗayan suna leƙe ta taga zalunci ne, kuma shi ne irin da yake tsirowa ya zama gabar 'yan uba. Manzon Allah ya ƙi yin shaida a kan kyautar da Bashir ya keɓance ɗansa Nu'umanu da ita ban da sauran, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Haka nan saki yana raba miji da mata ne, ba ya raba uba da ɗa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga matuƙar sharuɗɗan riƙon sun cika, ciyarwa da kula da tarbiyyarsa kuma suna nan a wuyan uba. Wanda ya yi fushi da uwa ya huce a kan yaro ya sani cewa yaron bai yi masa laifin komai ba.

Mu ma masu hawa mumbari muna da namu kason. Masallatai da yawa sun zama wuraren da ake korar yara da tsawa, sannan mu dawo muna kukan matasa sun guje wa jam'i. A koya wa yaro ladabin masallaci a gefen mahaifinsa, a yi haƙuri da ɗan motsinsa. Hukumomin da ke kula da gidajen namun daji kuma su tuna cewa dabbar da aka tsare amana ce, ciyar da ita da lafiyarta suna wuyan wanda ya tsare ta, kuma sanya ma'aikata masu yi wa yara bayani da Hausa zai mayar da wuraren makarantu na gaske.

Ya kai uba, shekarun da ɗanka yake gudu ya tarye ka a ƙofar gida kaɗan ne, kuma ba sa dawowa. Yau shi ne yake neman hannunka. Nan da shekara goma kai ne za ka nemi nasa, kuma abin da za ka samu ya danganta da abin da ka ba shi yanzu. Ka tambaye shi yau abin da aka koya musu a makaranta, ka saurara har ya gama, ko da labarin bai da kai bai da gindi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, Ya jiƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana. Amin.